Itacen Jego

Gyaɗa ce ta cinye mana daji. Ba gobara ba ce, ba fari ba ne, mu ne da gatarinmu. Ina yaro, in ka fita bayan ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Roni, ba ka yin nisa marke da ƙirya da geza za su rufe ka, mata su tafi da hantsi su dawo da itace niƙi-niƙi tun rana ba ta take tsaka ba. Da kasuwar gyaɗa ta buɗe a zamanin En'e, kowa ya zama mai sassabe. Kafin in yi aure an share wajen tas, kana tsaye a ƙofar gida kana hango wanda ya sunkuya a gonarsa. Ɗan abin da ya rage sai hukumar Sarki ta zagaye shi ta ce gandun daji ne, aka sa masa mai tsaro, in aka kama ka da ɗanyen reshe sai gaban alƙali. Ban ga laifinsu ba, don da an bar mu, da har saiwa sai mun tone.

Daga nan wutar girkinmu ta koma fitowa daga gona. Gero da dawa 'yan halak ne, su ba ka tuwo, su kuma ba ka karan da za ka dafa shi. Gyaɗa kuwa in ta ba ka harawa ta gama da kai, babu ruwanta da murhunka. To, shekarar da nake son ba da labarinta, Baba ya zuba gyaɗa a mafi yawan gona, dawa 'yar kaɗan. A gandunsa nake a lokacin, ni da matata da 'yar ɗiyarmu ta fari. A gonarsa nake noma, daga rumbunsa muke ci, abin da ya ce a shuka shi ake shukawa. Ɗan karan da muka samu ma ba duka ya zo gida ba, domin Baba yana da wani amini Bafulatani da ke saukar da shanunsa a gonarmu kowane rani, su ci kara su bar mana taki. Wanda ya iso gida kuma danga ta ci rabonta, saura tukunyar tuwo ta lallaɓa da shi.

Matata tana da ciki na biyu, haihuwa kuma za ta faɗo a tsakiyar bazara. Duk wanda ya yi aure a wancan zamani ya san abin da ke jiransa: itacen jego. Mace in ta haihu sai ta yi kwana arba'in tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, tana shan kunun kanwa, tana kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, don kada sanyi ya shige ta. Itacen duk wannan a wuyan miji yake. Ana iya yafe maka ramammen ragon suna, amma ba a yafe maka rashin itace. Mijin da matarsa ta yi wanka da ruwa ɗumi-ɗumi, har jikokinsa sai an goranta musu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da aka gama kaka na shiga tarawa: kututturen da masu sassabe suka bari, saiwar sabara, busasshen reshen da iska ta karya, duk abin da wuta za ta kama. Kullum na sauke jaki a bayan ɗaki sai matata ta leƙo ta dubi tulin, ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, wannan ai ko ruwan figar kaza ba zai tafasa ba." Haka take, ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Gajera ce, mai saurin tafiya da saurin dariya, in tana daka har maƙwabta sun san ita ce saboda yadda take yi wa taɓarya luguden wasa. Haihuwar fari a gidan iyayenta ta yi wanka kamar yadda aka saba, ta dawo min da ƙiba tana sheƙi. Don haka ba ta da wata shakka a kan wanka, ni ma ba ni da ita.

Ina son matar nan. Yanzu da na tsufa kunya ta sake ni har na iya rubutawa. A lokacin ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa ba.

Da haihuwa ta matso sai gwaggonta, yayar mahaifinta, ta zo daga wajen Babura don ta riƙe jego, tunda uwata ta daɗe da rasuwa, babu wata babbar mace a gidanmu. Tsohuwa ce doguwa, ba ta da wasa, ba ta kuma da mugunta. Ita ke yi wa matan danginsu wanka tun kafin a haife ni, tana kuma alfahari da cewa hannunta yana jure ruwan da wani ko yatsa ba zai sa ba. Ta zo da ƙullin jar kanwa irin wadda fatake ke kawowa daga arewa, ta ce ta kasuwarmu ƙasa ce kawai. Suruka ce, saboda haka tsakanina da ita sai gaisuwa. In tuɓe takalmi tun daga nesa, in tsuguna, kaina a ƙasa, in ta yi magana in ce to.

Aka sauka lafiya, namiji. Washegari babbar tukunya ta hau murhu.

Ni ba na ganin wankan, ba hurumin namiji ba ne, amma ina jin sa. Ina zaure ina jin ruwa yana zaɓalɓala, ina jin Gwaggo in ta tsoma ganyen tsamiya ta fyaɗa mata a jiki, ina jin matata tana jan numfashi ta tsakanin haƙora. In an gama a kai ta ɗaki, a tura garwashi ƙarƙashin gado, a saki asabari, a miƙa mata ƙwaryar kunu wanda kanwa ta ji har launinsa ya juya. Duk wannan a bazara, lokacin da ƙadangare ma inuwa yake nema. Hayaƙi yana fita ta saman ɗakin kamar ana gasa masara. Ni kuwa daɗi nake ji, ina cewa a raina itacena ne ke wannan aiki.

Bayan suna matata ta fara kumbura. Ƙafafu tukuna, sannan fuska. Gwaggo ta ce sanyi ne, ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa. Ni ma na ce sanyi ne, me na sani? Sai tari ya biyo baya. Ta daina iya kwanciya a miƙe, sai an jingina ta da bango take samun numfashi.

Ana wata ga wata, itace ya ƙare. Matan da suka yi girkin suna sun yi wa tulina ɓarna, su dai sun ga itace a jibge sun ɗauka na Allah da Annabi ne, ga Gwaggo tana cin wuta fiye da yadda na tanada. Na 'yan kwanaki abin da nake iya samowa bai wuce karmami da ƙirare ba. Ruwan wanka ya koma ɗumi-ɗumi, gado ya huce, aka ɗage asabari tunda babu zafin da za a tsare, kunun ma da ƙyar ake dama shi sau ɗaya. Na rasa inda zan sa kaina. Dandali na daina zuwa, masallaci kuwa ana sallamewa nake sulalewa kafin wani ya tambaye ni ya maijego.

A cikin kwanakin nan ne na dawo daga sharar gona da azahar na tarar da ita zaune a inuwar rumbu, jariri a cinya, tana tsefe wa ɗiyarmu kai. Ƙafar ta saɓe, idanunta sun fito. Ta dube ni, ta dubi 'yan ƙiraren da na rungumo, ta ce, "Sannu, sarkin itace. Wane tsuntsu ka ƙwace wa sheƙa?" Na yi dariya har sai da na ajiye kayan. Rabona da dariya tun ranar suna.

Na ɗauka kowa ya ga abin da na gani. Ashe Gwaggo wani abu dabam ta gani. Ta ce wutar baya ce ke aiki, sanyin ya ji jiki ya shige ciki ya ɓuya, in ba a bi shi yanzu ba zai fito da ƙarfinsa. Maganar ta shige ni, domin ta fi ni sani nesa ba kusa ba. Na kama jaki na tafi har wajen Gwiwa, inda wani abokina ya yi sabon sassabe, na taya shi aiki ya bar min kututture. Na dawo jaki yana nishi ni ina taƙama, na bi ta tsakiyar gari da gangan don a gani. Tukunya ta koma murhu, aka saki asabari, kunu ya dawo safe da rana da yamma. Ba a daɗe ba kumburi ya dawo, ya fi na da, har ciki. Daga tsakar gida kana jin numfashinta.

To, ni ba malami ba ne, ba boka ba ne, manomi ne. Amma manomi in ya zuba taki a wannan gefe ya yi kyau, ya hana wancan gefe ya lalace, ba sai an kira masa mai duba ba. Wuta ta mutu matata ta tashi zaune, wuta ta tashi ita ta koma kwance. Sai bayan shekaru masu yawa na ji ma'aikatan asibiti suna bayani a rediyo, cewa yawan kanwa da irin wannan zafi kan tara wa maijego ruwa a jiki har zuciyarta ta gaza. Na miƙa hannu na kashe rediyon. Ina amfanin baɗi ba rai? A wancan lokacin ba ni da wannan bayani, ido kawai gare ni, idon ɗan gandu kuwa ba a karɓar shaidarsa.

Duk da haka na gwada. Na sami Gwaggo tana tsince ganye a bakin murhu, na tuɓe takalmi na tsuguna, na gaishe ta, na sake gaishe ta, sannan na ce, "Gwaggo, da ma cewa na yi, ko za a ɗan rage wutar a gani."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Itacen ne ya gagare ka?"

"A'a, Gwaggo."

"In ya gagare ka ka faɗa, ɗan nan, in aika gida a kawo. Rashi ba abin kunya ba ne. Amma kada ka koya min jego. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

Na ce to ko a kai ta asibitin sha-ka-tafi a Kazaure, su duba ta. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin maijego ta tsallake hanya kafin arba'in ba, in iska ta buge ta a kan jaki wa zai ɗauki alhaki? Na ce to, na ja da baya na sa takalmina. Kun ga inda aka ɗaure ni. Duk maganar da zan yi, ko daga ina na ɓullo mata, rowar itace za a ji a cikinta.

Sai na koma dabarar mara ƙarfi. In fita da jaki tun da safe, in yi ta gewaya, in dawo da abin da bai taka kara ya karya ba, in ce ban samu ba. A tunanina babu sauran itace a kusa sai gawon gonarmu, shi kuwa na san babu mai taɓa shi. Babban gawo ne a tsakiyar gona, kakana ma tarar da shi ya yi. Da rani yana da ganye, shanun Fulani su kwanta a inuwarsa su ci 'ya'yansa su zuba taki. Da damina ya kaɗe ganyensa ya bar wa shuka rana. Geron gindinsa ya fi na ko'ina zangarniya, daga nan Baba ke ware iri kowace shekara. Ina yaro na taɓa sarar wa akuya reshensa, dukan da na sha ranar har yau in na ga gawo sai bayana ya tuna. Na jingina da itaciyar nan yadda talaka ke jingina da babban mutum, na ce in dai Baba na numfashi wuta za ta mutu da kanta.

Gwaggo ba ta sake yi min magana ba. Mayafi ta yafa ta tafi zaure wajen Baba. Ban san abin da suka tattauna ba. Na dai san washegari ina gona sai na ji ya kira ni, na waiwaya na gan shi tsaye a gindin gawo da gatari a hannu.

Ya ce, "Ungo. Na je wajen dagaci, ya yarda. Fara da wancan reshen na gabas."

Na ce, "Baba, gawon?"

"Gawo ya fi rai ne? 'Yar mutane tana kwance a gidana."

A wajenmu ɗa ba ya maganar matarsa a gaban ubansa. Ko ciwo take yi, sai dai ka ce mutanen gida ba su ji daɗi ba, ka wuce. Ranar na keta wannan. Na durƙusa na ce, "Baba, wutar ce ke ƙara mata ciwo. Na gani da idona. Da itace ya ƙare ta tashi zaune, har waje ta fito. Da na kawo na Gwiwa ta koma."

Kunyar da ya kamata in ji, shi ya ji ta. Can ya ce, "Uwarka wanka ta yi duk haihuwarku. Matar nan da ta zo, aikinta ke nan tun ba a san za a yi ka ba. In na hana itace yarinyar nan ta mutu a gidana, da wane ido zan dubi mutanen Babura? Kai kuma da wane ido za ka dubi ɗanka in ya girma aka gaya masa?" Sannan ya ɗora hannu a jikin gawon ya shafa, ya ce, "Kada ka damu da ni. Allah zai ba mu wani."

Wato shi a zatonsa tausayinsa nake ji, shi ya sa na ƙirƙiro zance. Ban taɓa jin haushin Baba irin na ranar ba, ban kuma taɓa ganin girmansa irin na ranar ba. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Ya miƙa min gatari ya juya gida, bai tsaya ya ga saran farko ba.

Saura mutum ɗaya. Na jingine gatarin na bi bayansa, na jira hantsi, lokacin da Gwaggo takan leƙa maƙwabta neman ganye. Na ɗaga asabari na shiga. Zafi ya mare ni a fuska, hayaƙi ya cika min ido. Matata tana zaune a kan gado an tokare ta da bango, jariri a gefe, kafaɗunta duk sun saɓule saboda ruwa. Fuskar ta cika har ba na ganin matar da na sani sai a bakinta.

Na ce, "Ke kaɗai za ki iya tsayar da wannan abu. Ki ce ba za ki iya ba. In kika faɗa ni zan tsaya miki, kowa ya ce abin da zai ce."

Magana tana yi mata wuya, sai ta yi kaɗan ta huta. Ta ce, "Malam, na sani. Na fi ka sani. A jikina ake yi."

"To, me kike jira?"

"In na ji kana faskare, gabana faɗuwa yake. In na ji shiru, ya fi faɗuwa." Ta yi tari, na riƙe mata ƙwarya. "Idan sanyin ne fa? Kai ka tabbata?"

Ban tabbata ba. Mace ɗaya na gani, Gwaggo kuwa ta ga matan da ba za su ƙirgu ba, yawancinsu suna nan da ransu suna goyon jikoki.

Ta ce, "In na yi wanka na tafi, kwana ne ya ƙare. In na ƙi na tafi, cewa za a yi mijinta ne ya hana ta wuta. Ba zan bar maka wannan ba. Ba zan bar wa yaran nan ba. Arba'in ta kusa, ka je ka kawo." Ta rufe ido, na ɗauka ta gama. Sai ta ƙara da cewa, "Kuma na kirki za ka kawo, kada ka ba ni kunya gaban Gwaggo."

Gaba kura baya sayaki. Na fito na koma gona na ɗauki gatari.

Gawo ba ya faɗuwa da sauƙi. Reshe-reshe na bi shi, ƙaya tana yagar min hannu, in sare in faskara in shanya, ranar bazara ta busar min da shi cikin gaggawa kamar ita ma an aiko ta. Ina sara ina roƙon Allah ƙotar gatari ta karye, ko mai tsaron daji ya ɓullo ya ce bai san da wani izini ba ya tasa ni gaba, ko hadari ya taso ya jiƙa komai. Babu wanda ya zo. Gatarin ma bai taɓa ci irin na kwanakin nan ba. Aminin Baba Bafulatani ya zo ya tsaya da sandarsa a kafaɗa yana kallo, shanunsa suna ta zagaye inda inuwa take a da. Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya." Washegari ya kora dabbobinsa zuwa wata gona. Har na bar gandu gero bai sake yin irin waccan zangarniya a wurin ba.

Abin da ya fi saran ciwo shi ne hanyar gida. Duk wanda na gamu da shi sai ya tsaya. Tsofaffi a bakin masallaci su ɗaga hannu su ce, "Sannu da ƙoƙari! Haka ake miji." Mata a bakin rijiya su nuna wa juna jakina, na ji wata tana cewa ita nata mijin ko tsinke bai sare mata ba. Labari ya kai ƙauyukan kusa cewa ga wani gida an kayar da gawo saboda maijego. Ban taɓa samun suna irin na lokacin ba. Ina amsa gaisuwa, ina jan jaki, na tsani hannuwana.

Na yi 'yan ƙananan abubuwan da zan iya. In ɗora ɗanye a sama in ɓoye busasshe a ƙasa, Gwaggo ta tone tulin ta zaɓo busasshen. In jinkirta dawowa har rana ta yi sanyi, in tarar ta ranto a maƙwabta ta riga ta ɗora tukunya, sai in biya da nawa. Tsohuwar nan ba ta hutawa. Ita ke jan ruwa, ita ke hura wuta, ita ke dama kunu, hannuwanta duk sun yi jawur, ta rame ta koma kamar kara. Sau da yawa na gan ta a bayan ɗaki tana share ido da gefen zane, in ta ji motsina ta gyara fuska. Tana son 'yar ɗan'uwanta ƙwarai, duk ƙaunar kuma a murhu take zuba ta.

Matata ba ta kai arba'in ba. Da hantsi ne ta cika, bayan wankan safe, tana zaune jingine da bango. Ina gona ina faskare gindin gawon, na hango Baba yana tahowa da kansa, ba hula. Ban jira ya iso ba na ajiye gatari. Jaririn dai ya rayu, matar wani ƙanen Baba ce ta shayar da shi tare da nata.

Da na shiga gida mata sun cika tsakar gida. Gwaggo ta taso ta tare ni, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kama hannuna biyu tana kuka. Ta ce, "Ɗan nan, ka yi iya yinka. Duniya ta shaida, ni ma zan shaida gaban Allah. Sanyin ne ya fi ƙarfinmu." Na ce na gode, Gwaggo.

Sai ta ce in ɗebo mata itace a ɗumama ruwan da za a yi wa matata sutura. Na zagaya bayan ɗaki na ɗebo, tulin yana nan fal, ya isa wani jegon. Na ajiye a bakin murhu na koma gefe na tsuguna, na kasa fita zaure. Ruwa ya yi zafi, suka juye a kwatarniya, wata maƙwabciya ta sunkuya za ta ɗauka zuwa ɗaki. Gwaggo ta ce ta dakata. Ta tsoma bayan hannunta a ciki, ta cire.

Ta ce, "Ƙaro na sanyi. Kada ya ƙona ta."

Aka ƙaro.